Kaucin Roba

Daren da shekara za ta cika a Yamai
Madam Odil ta ce in ɗauko tsani.
Daga kwalin da ya biyo ta a jirgi
ta zaro wani reshe na roba,
ganye bibbiyu, 'ya'ya farare kamar haƙoran yaro.
"Rataya min bisa ƙofa, Ɗanjimma."

Na juya shi a tafin hannu, dariya ta kusa kuɓuce min.
Kauci ne.
Ko ka sake riga, ɗan gari, na gane ka.

Ta ce can ƙasarsu in ɗari ya tuɓe itatuwa
shi kaɗai ke saura kore a sama.
Kakannin kakanninta, in ji ta,
da laujen zinariya suke yanko shi,
a tare shi da farin mayafi kada ya taɓa ƙasa.
Abin da ya rage musu yanzu:
biyun da suka gamu ƙarƙashinsa su yi sumba,
shekara ta shigo da alheri.

Ban tanka ba. Ƙafata na kan tsani,
ni kuwa tuni na kai Kalfu.
Kakata Tamo na zungura ta da asuba:
"Tashi, kuma kar ka gaida kowa a hanya."
Ita ba ta da zinariya,
wuƙar yankan kuɓewa ce na riƙe da haƙori
na hau tsamiyar bayan rijiya.
Tana ƙasa, ta buɗe zanenta da hannu biyu.
"A hankali! Abin da bai san ƙasa ba tun haihuwa
ba kai za ka gwada masa ita ba."

Na tsamiya ta ajiye wa masu kasuwa.
Na gawo, ban san na wa ba,
da dare ake zuwa karɓa, fuska a rufe.
Na tambaye ta wa ke shuka shi.
Ta ce, "Tsuntsu.
Ya ci ɗan, ya manne masa a baki,
ya goge a reshen wani. Noman ke nan."

Madam ba ta tuna ba,
sati uku da suka wuce ita ta kira ni bayan gida
ta nuna lemunta: "Wannan ciwon zai kashe shi, sare."
Na sare. Furensa ja, siriri kamar tsinken ashana.
Ya faɗi tim a ƙasa, ba mayafi, ba zane.
Yana nan kan bola ta bakin katanga, yana bushewa.

Sha biyu ta buga.
Wuta ta fashe a sama wajen gada, kogi ya yi ja.
Baƙi na layi ƙarƙashin roba suna dariya.
Ni da Hamani mai gadi muna bakin ƙofar waje
da ragowar shayi.

Shekara sha ɗaya ina manne da reshen garin nan,
ina sha daga jikinsa ina aikawa gida,
saiwata ba ta shiga ƙasarsa ba.
Hamani ya ce, "Me ka tsinto a bola?"
Na ce ba komai,
na gyara aljihu.