Sabulun da Na Sayar

A Masisi rafi ne a bayan ɗakinmu,
ba mu taɓa ƙirga ruwa ba.
Nan Bulengo ƙasar baƙin dutse ce,
aman tsauni da ya daskare tun kafin mu zo.
Ka sara diga, ta yi tartsatsi, ta dawo maka.
Masai ɗaya, gida arba'in,
zurfinsa bai kai ƙugu ba.
In sama ta zubo sai ya tumbatsa,
ya biyo mu har bakin tanti kamar mai bin bashi.

Katungu ke rabon jarka.
Lita ashirin, baki bakwai:
na wake, na sha, na jaririya.
Abin da ya kwanta a gindi shi ne na hannu,
in ya kwanta.

Ran Talata aka raba sabulu,
sanda guda, rawaya, mai ƙanshin asibiti.
Ran Laraba na kai shi bakin titi
na dawo da garin rogo kwano biyu.
Ban ɓoye ba. Na ce ciki ba ya cin kumfa.
Katungu ba ta ce uffan ba.
Ta tuƙa, muka sa hannuwan da muka wuni da su.

Daren Juma'a Ndoole ta fara.
Shekararta huɗu.
Zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa,
sau tara kafin dare ya raba.
Idanunta suka faɗa ciki.
Na mintsini fatar cikinta,
ta tsaya cak, ta ƙi komawa.

Tsohuwa Nabintu ta tantin gaba
ta shigo da gawayin aro a murfin tukunya.
Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce,
sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabi, a lita guda.
Kurɓi, jira. Kurɓi, jira.
Ta amayar, aka sake.
Ni ina riƙe da fitila, hannuna na rawa,
ina kallon hannun nan.

Da gari ya waye na goya ta zuwa farin tanti,
inda gado ke da rami a tsakiya, bokiti a ƙasa.
Gadon kusa ɗan Bauma ne,
wanda ke tura motar gwangwani a ƙofarmu.
Kwana uku, Ndoole ta nemi ayaba.
Shi kuwa a zanen uwarsa aka fito da shi,
aka tara masa duwatsu, don ƙasa ta ƙi buɗewa.

Ban sani ba ko sabulun ne.
Akwai ƙuda, akwai ruwan tafki, akwai masai.
Ma'aikaciyar ba ta tambaye ni ba,
ni ma ban faɗa ba.

Na huda tsohuwar jarka da ƙusa,
na rataye ta a ƙofa, gwangwanin toka a gefe.
In sabulu ya zo, Katungu kan yanka shi da zare,
gida takwas, ta ɓoye bakwai inda ban sani ba.
Yunwa na nan, ba ta je ko'ina ba.

Jiya na miƙa hannu cikin kwano,
Ndoole ta riƙe shi, ta juya tafin,
ta kai hancinta ta sansana.
Ta ce, “Baba, koma.”
Na koma.