Taswira a Kan Tabarma

Shekara talatin da ɗaya ina bayan ƙaramar taga
a tashar motar Damagaram,
ina rubuta wa mutane sunayen garuruwa a kan tikiti.
Agadas, Difa, Tawa, Yamai:
na san kuɗin kowanne har dalar ƙarshe,
ban san ƙamshin ko ɗaya ba.

Jiya na sayar da filina na hanyar Mirya.
Kuɗin na cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado,
taswira na kan tabarma,
na danne kusurwoyinta da kofin shayi, da takalmi,
da rediyo, da gwiwar Fanna mai ciwo.

Na ce mata: ba irin motar da na sani ba,
wadda ake cusa mutum tsakanin buhun albasa da tunkiya.
Kat-kat za mu ɗauka, fara, mai sanyi a ciki,
mu biyu rak a baya kamar baƙin gwamna,
in na ce direba tsaya, ya tsaya,
ko don in kalli gawo ne.

Yamai tukuna. Otel a bakin Kwara,
hawa na sama, inda kwalekwale ke komawa ɓawon gyaɗa.
A kawo mana kifi a faranti, da wuƙa da cokali,
mu jira mai hidima ya juya baya
mu ci da hannu.
A hanya mu gaida raƙuman dawa na Kure,
in ga dabbar da ta fi surukina ɗaga kai.

Sai arewa. Hasumiyar Agadas ta jan laka,
maƙeri ya ƙera miki azurfa kina kallo.
Timiya, inda aka ce ruwa na faɗowa daga dutse,
rumman da lemo na nuna a tsakiyar ƙishi.
Wani fasinja ya faɗa mini, shekara ashirin ke nan,
na ba shi canji, na riƙe labarin.
Daga can Tenere: tanti mai darduma,
shayi hawa uku, babu maƙwabci, babu mai bin bashi,
taurari sun sauko har sai mutum ya sunkuya.

Na ɗauko tsinken tsintsiya ina awo.
Daga nan zuwa Bilma ya cinye tsinken,
ya bar Difa da tattasanta a gefe suna jira.
Ashe ƙasar nan ba ta shiga wata guda,
ba ta shiga gwangwanin madara.
Na share Bilma. Na mayar. Na sake sharewa
har takardar ta huje daidai kan gishirin.

Fanna ba ta ce komai ba, tana ɓare tafarnuwa.
Can ta ce: Malam Ari,
otel ɗin nan naka, famfonsa na kawo ruwa da dare?
Na ce dare da rana, har da mai zafi.
Ta ajiye wuƙa.
Ta ce: to a bar ni kwana uku a nan.
In buɗe, in rufe, in buɗe,
ba jarka, ba layi, ba jiran ɗan garuwa.
Kai ka je ka gaida taurarin.

Sannan ta ɗora yatsa mai warin tafarnuwa
a kan wani ɗigo da ban zagaye ba,
kusa ƙwarai, bai kai rabin tsinke ba.
Tanut.
Ta ce: ƙanwata Zara na can,
rabona da ita tun sunan autanta,
yanzu autan ya yi gemu.

Tanut! Sau dubu nawa na rubuta shi?
Jaka kaɗan ne, ko yaro ya sani.

Wuta ta ɗauke. Duwatsun Birni suka yi baƙi.
Na kunna tocila, na kama ta da haƙori,
na ja layin farko daga ƙofar gidanmu,
gajere, ya ɗan karkace,
na rubuta a gefensa da rubutun da na saba:
mutum biyu, kujerar taga.