Mace da Tukunya

A bangon gidan tarihi na Kumasi
na iske kakata a rataye.
'Yar takarda a gefe ta ce: Mace da Tukunya,
fenti a kan katako, aikin Yaw Danso.
Sunansa ya samu layi guda. Nata bai samu ba.

Tabawa ce, mai koko a Aboabo,
wadda ludayinta ke riga ladan tashi.

Ya dawo daga Turai da wani irin ido.
Wai a can masu zane sun gaji da kamanni,
sun ɗauki fuskokin icce da aka kwasa daga nan
suna koyon fasa mutum ɓari-ɓari, kamar goro.
Shi kuwa ya haye teku ya sayo abin gidansu.

Sule biyu ya ba ta, ta zauna masa asuba bakwai,
ba ta daina zuba wa masu saye ba.
Ya yi mata kumatu shuɗi kamar ramin marina,
hanci kamar bakin gatari,
idanu biyu a gefe ɗaya, suna kallon ciniki.
Tukunyar ta fi kanta girma.

Da ta gani, ta tafa hannu ta yi salati:
“Yaro, wannan ai aljana ce.
Mayar masa da sulallansa, Ɗanjuma,
kada a ce na sayar da fuskata ga mahaukaci.”
Shekara arba'in tana ba mu labarin nan
tana dariya har tari ya kama ta.

Yau ga ɗalibai da littattafai a gabanta.
Malaminsu na batun layi da kusurwa,
da jajibirin 'yancin kai,
da yadda launi ya ƙi bin umarnin Bature.
Na saurara. Ban ce ƙarya yake ba.

Amma ni kafaɗar nake kallo.
Ta hagu, wadda ya sauke ƙasa da 'yar'uwarta,
suka ce salo ne.
Ni na shafa wa kafaɗar nan man kaɗanya.
Haka take. Tukunya ce ta sauke ta
tun kafin ya jiƙa burushinsa.
Duk hotunan sallah da aka ɗauke ta
mayafi ya rufa mata asiri,
mahaukacin nan kaɗai ya gani.

Mai gadi ya ce kada in matsa kusa.
Na ja baya taku biyu,
na faɗi sunanta a hankali,
yadda ake kiran mai barci.