Littafin Baba Tanimu

Daminar bana ta kayar da katangar zaurenmu a Kwarbai,
sai ga akwatin ƙarfe a gindin dakali.
Tsatsa ta cinye kwaɗon, ba mu nemi mabuɗi ba.
Ciki akwai carbi, da ɗan sikeli mai faranti biyu,
da littafi ɗaure da tsumman rawani.
Ajami ne, tawadar ta koma launin goro.

Ni jikansa ne. Na taso na tarar da shi ya kurumce,
yana tufkar igiya a inuwar darbejiya,
ba a ambatar zinare a gabansa.
Ashe ya riga ya gaya wa takarda.

"Talata. Mun fita ta Ƙofar Kuyambana mu bakwai,
Kufena na bayanmu kafin hantsi.
Kande ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli, ba ta ce uffan ba.
An ce can yamma ƙasa na haihuwar sule."

"Jumma'a. Ƙwarya arba'in na wanke a rafi.
Abin da ya kwanta bai kai ƙwayar gero ba.
Bayana ya ce mu koma gida.
Idona ya ce mu ga gobe."

"Asabar. Mati ya tsinci kamar ƙwayar wake,
ya ɓoye a kunci, ya yini ba ya amsa sallama.
Da dare muka ji shi yana dariya cikin barci."

"Akawun Bature ya aza a sikelinsa.
Abin da ke da nauyi a tafina
a farantinsa sai ya rame.
Na sayi nawa sikelin. An ce ba a san shi ba."

A nan gara ta shiga, ta ci wata biyu,
ta ci sunan rafin, ta rage mini "kusa da tsamiya".
Tsamiya nawa ce tsakanin Zazzau da faɗuwar rana?

"Laraba. Ramin Jatau ya rufta da azahar.
Mun tona har isha, da diga, da farce.
Takalmansa na bakin rami a jere, yadda ya tuɓe su.
Ba wanda ya ɗauke.
Alhamis. An koma wanki."

Layin Alhamis ɗin nan na fi tsoro.
Hannunsa ko karkarwa bai yi ba.

Daga nan babu sauran zinare a littafin, sai bashi.
Mai fura, kwabo huɗu, an ja layi.
Maƙeri, gyaran diga, an ja layi.
Mati, sisi, an ja layi har sau biyu.
Jatau, sule uku, a kai wa uwarsa a Hunƙuyi.
Ba layi.

Makon jiya ɗana Sagir ya sayar da babur.
Wai abokinsa ya nuna masa dunƙule a waya,
wai da mota ɗaya ake isa, wai yanzu akwai inji.
Ban yi faɗa ba.
Bayan magariba, an ɗauke wuta,
na sa shi ya haska mini da wayar tasa,
na karanta masa tun daga Talata har Alhamis.

Ya yi shiru, har na ce ya ji.
Can ya ce, "Baba, wane rafi ne?"

Na nuna masa hudar gara.
Ya zura yatsa kamar mai auna zurfi,
ya zaro, wani ɗan ƙyalli a bakin farcensa.
Ko zinare ne, ko yashi, ban aza a sikeli ba.

Na kwana ina lissafin sule uku a kuɗin yau,
da wanda zan tambaya a tasha
ko dangin Jatau na da sauran zaure a Hunƙuyi.
Da asuba, kafin in ɗauki buta,
na leƙa ƙofar ɗakin Sagir.
Takalmansa na nan a jere.