Sandar Fansa

Ranar Talata a hamadar Arizona,
bayan Quartzsite, inda gidaje ke da tayoyi,
na murɗa famfon ruwan zafi zan wanke fuska,
sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kwaɗa mini mari.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Wilma,
maƙwabciyata mai shekara saba'in da ɗaya,
wadda ta tuƙa bas ɗin makaranta har ta gaji,
ta sayar da gida ta sayi hanya.
Ta ce, "Dwight, yaushe rabonka da sanda?"
Na ce, "Wace sanda?"
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta koma ta ɗauko sifana da bokiti.

Kashe gas. Kashe lantarki. Rufe ruwa.
Bari tanki ya huce, sauri ya haifi nawa.
Ɗaga ɗan bawul na sama ya yi ajiyar zuciya,
in ba haka ba sandar za ta fito kamar harsashi.
"Akwai wani a Yuma," ta ce,
"har yau yana ɗingishi."

Na durƙusa a tsakuwa gefen mota,
na buɗe murfin da ban taɓa buɗewa ba.
Kan sandar ya cije, ya ce sam.
Na danna, na yi nishi, gwiwa ta goge,
sai ƙas! ya saki,
ruwa ya ɓalle kan takalmana
da farin ɓarɓashi kamar tsakin masara.

Ga abin da ya fito:
waya siririya, da 'yan tsokoki maƙale,
kamar ƙashin kifi bayan an tashi daga akushi.
Wilma ta ajiye sabuwa kusa da ita,
santaleliya, mai kaurin babban yatsa.
"Da haka take," ta ce.
"Ruwa yana da haƙora, dole ya ci ƙarfe.
Sai aka ba shi mai taushi ya yi ta gaigaya
don ya manta da bangon tanki.
Ranar da ta ƙare, ya juya kan gida."

Shekara huɗu ina wanka da ruwan ɗumi,
daga gonakin Dakota zuwa gaɓar Oregon,
ban san akwai mai biya a cikin duhu ba.

Na cusa tiyo na ɗauraye ciki
har ruwa ya fito garau.
Na naɗa farin tef zagaye uku,
na fara murɗawa da hannu, a hankali,
kada haƙori ya hau kan haƙori.
Sifana ta ƙarasa. Kada ka matse da yawa.
Cika tanki kafin ka kunna wuta.
Dala ashirin, da rabin safiya.

Wilma ta ce in jefar da tsohuwar.
Na ce to. Na sa ta a kan tebur.

Da dare sanyi ya sauko daga duwatsu,
injin wani yana gurnani can nesa.
Na juya wayar nan a tafin hannu
sai na ga Nadine, ƙanwata, a Duluth,
tana kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa,
tana ba Mama miya cokali-cokali,
Mama kuwa tana kiranta da sunana.
Hoton da ta turo a Kirsimeti:
wuyan riga ya yi mata yawa.
Na ce hasken kyamara ne.

Ƙarfe goma a can. Ta yiwu ta kwanta.
Na buga. Ta ɗauka a ƙara na biyar.
"Lafiya?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.
Na ce, "Lafiya. Na gyara ruwan zafi."
Shiru. Ina jin agogon kicin ɗinmu.
Na ce, "Kwana nawa ake yi daga nan,
in hanya ba ta rufe ba?"
Ta ce, "Kai ne mai taswira."