Tambarin Gidan Bakin Tasha

Tasalla ta ce in zana wa gidan kakanta tambari,
wanda kuɗin gyaɗa ya gina a Malam Madori.
Ba zanko, ba azara,
siminti ne miƙe, tagogi jere reras.

Na zana dala, na yage.
Na zana sikeli, ta ce, "Wannan na kowa ne."

Da la'asar fensir ya cije.
Sai rana ta ratso bulo mai huji,
ta zube idanu tara a kan daɓe.
Su na kwafa.

Saura launi. Na kankare bango da makulli:
fari, ruwan ɗorawa, can ƙasa kore.
Tsoho Ilu ya matso da sandarsa,
ya shafa wurin:
"Koren nan, ina yaro, ni na dama shi."