Mariƙi a Ƙofar Ruwa

A Ƙofar Ruwa ba ruwa,
sai baƙin mai da ƙasa ta sha ta ƙoshi.
Nan Nomau ya same ni bayan la'asar,
ya sauke buhu daga a-daidaita-sahu
a hankali, kamar mai sauke majinyaci.

Injin kwale-kwale ne, ya girme ni.
Sunan da ke jikinsa tsatsa ta lashe.
A ka, faifan ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa,
a gefen faifan ɗan mariƙin katako,
ya tsage biyu, yana lilo kamar haƙorin tsoho.

Na ce, “Wannan ai sai 'yan gwangwan.”
Bai yi fushi ba. Ya ce, “Na mahaifina ne.
Da shi ya taso daga Yawuri ya sauka Tiga,
da shi ya biya sadakin uwata.”
Na ja bakina na tsuke.

Kwana biyu kusar na shan man birki,
ta ƙi motsi. Na haɗa ta da wuta.
Ta yi ƙara sau ɗaya ta saki,
zarenta duk ya cinye.
Ɗanliti ya zaga rumfuna goma sha,
kowa ya juya ta a tafin hannu ya ce
tun yana yaro rabonsa da irinta.
Sai na yanka sabon zare da kaina,
rabin juyi gaba, kwata baya,
ina hura garin ƙarfe, ina gumi.

Katako kuwa, guntun taɓaryar ƙirya
na roƙo wajen mai koko,
na gage shi da magagari har ya yi sumul.
Nomau ya riƙa, ya girgiza kai.
Ya ɗauko tsagaggen ya nuna min
wani ɗan kwari a gefe,
inda babban yatsa ya shekara arba'in yana zama.
“Wannan gurbin fa?”
Na ce, “Wannan ba aikin magagari ba ne.
Kai za ka haƙa naka.”

Muka sayi jarka shida wajen mai garuwa,
muka cika duro, muka rataya injin a baki.
Juyin farko, tari.
Na biyu ya sare ni a wuyan hannu,
har yau wurin na tuna min in an yi sanyi.
Nomau ya ce in matsa.
Ya yi bisimilla, ya lallaɓa faifan baya kaɗan,
sannan ya fizga.

Hayaƙi shuɗi ya tashi, duro ya hau tafasa,
masu walda suka ɗaga tabarau.
Ni da ban taɓa shiga jirgi ba,
ga ni jiƙe sharkaf a tsakiyar Kano,
injin na ta gudu ba ya zuwa ko'ina.

Ya biya rabi.
Sauran ya zo bayan sati uku,
busasshen tarwaɗa a kwalin sabulu,
da saƙo a bakin direba:
wai mariƙin ya fara baƙi.